Kiran Suna a Lakwal ta Bagalam

Ranar komawa na buɗe rajista.
Ciyawar damina ba ta bushe a fili ba,
yara tamanin da ɗaya a gabana
bisa benci goma sha bakwai.

Cima Rabe?
Ga ni, mushe.
Hashimu Kanta?
Shiru.
Wani daga baya ya ce an kai shi Zariya,
inda ake sa riga mai ruwan bula,
inda fanka ke juyi bisa kan mutum ashirin.
Na ja layi kan sunan.
Kafin azahar na ja tara.

Ba yaron kaɗai ya tafi ba.
Ya tafi da bakin ubansa,
Alhaji Kanta, wanda in kwano ya yi yoyo
yakan tsaya ƙofar sufeto
har sai an ba shi ranar gyara.
Yanzu in mun kira taron iyaye
masu zuwa sun gaji tun daga gona,
su zauna, su ce to, su ce Allah ya kyauta.
Kwanon kuwa yana nan da hujinsa.

Tsallaken titi an shafe bango,
an rubuta ɗari bisa ɗari
da jan fenti mai tsawon mutum.
Na san yadda ake cika wannan mudu:
wata biyu kafin jarrabawa
a tsince masu rauni kamar tsakuwa cikin gyaɗa,
a turo mana su da takarda.
Mu ba mu da ƙofar da ke cewa a'a.

Amma kada in ci amanar gaskiya.
Tun da bangon nan ya yi magana
darakta ya daina zuwa ƙarfe tara.
Mushe Illiya, mai shayi gindin dogon yaro,
ya tuna inda ya aje littafin lissafi.
Mun buɗe karatun Asabar
ba wanda ya biya mu ko dala.
Kunya ma malama ce,
sai dai ba ta sayen alli.

Ga abin da ban faɗa a taro:
ƙarfe biyar nakan hau kabu-kabu
in je can, ni ma,
in sayar da sauran muryata jikka-jikka.
Ɗiyata Zuwaira tana layin gaba
cikin riga mai ruwan bula.
In ta ce mushe, sai in dubi tablo.
Wa ke gina rijiya ya sayi ruwan garwa?
Ni ne.

Watan biyu, ranar wata Talata,
sai ga Hashimu bakin ƙofa,
kaye a hannu, ido a ƙasa.
Kayan ubansa sun maƙale Dan Isa,
kuɗin zango bai samu ba,
mai gadi ya nuna masa hanya.
Ban tambaye shi kome ba.
Na ce ku matsa.
Benci mai ɗaukar uku ya ɗauki shida.
Na sake rubuta sunan
ƙarƙashin layin da na ja.

An ce zaɓi ya zo gari.
Ya zo, na gan shi,
yana tambayar aljihu kafin ya gaisa.
Cima ba ta zaɓi kome ba.
Uwarta na suyar awara bakin tasha,
lakwal ɗin da ƙafa ke kaiwa ita ce tata.

Yau na rubuta rabawa mai wuya,
ɗari tara da sittin gida goma sha biyu.
Ban kai ga aje alli ba
ta ɗaga allonta daga ƙasa inda take zaune,
tamanin, da hannu mai ƙamshin mai.
Na duba waje.
Ba mu da bangon da za a rubuta wannan.